Wayar Da Ba Ka Ja Ba

Najma, Doha.

Zuwa ga Magaji,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya. Allah Ya sauke ka Kano lafiya, Ya kai ka Kaduna lafiya, Ya tsare ka daga sharrin ƙarfe da sharrin wuta da sharrin mutum. Na damƙa ta a hannun Kawunka Sule, abokin aikinmu, na ce kada ya miƙa maka sai kun isa filin jirgi, lokacin da ba ka da damar juyowa ka durƙusa mini kana ba ni haƙuri a kan laifin da ni ne tushensa.

Na san za ka yi mamaki. Ɗaki ɗaya muke kwana, gadonka yana kallon nawa, me ya hana ni faɗa da baki? Ai ka san abin da ya hana. Kai ɗan fari ne, kuma ni mutumin da ne. Tun da aka raɗa maka suna ban taɓa kiran sa ba, Magajin da kakarka ta laƙaba maka shi na riƙe. Duk zaman da muka yi a garin nan, hirarmu ba ta wuce "an kira sallah" da "miƙo filaya" ba. Tun ranar da farfelar jirgi ta karya hannun Sule kuwa, ko wannan ɗin ta ɗauke. Kana shigowa ina fita, ina shigowa kana juya fuska ga bango.

Abin da ya hana ni sukuni shi ne aikin da za ka je yi. An ɗauke ka mai duba aikin wayoyi a kamfanin ƙananan jirage, kuma waɗanda za ka duba aikinsu sa'o'ina ne. Wasu cikinsu sun goya ka a kafaɗa kana yaro. Idan ka tafi musu da irin kunyar da ka yi mini, wallahi wata rana ba hannu za a rasa ba, gawa za a ɗauko. Ni na dasa maka kunyar nan, don haka ni ya kamata in nuna maka iyakarta. Ka saurara, zan ba ka labarin kurakuraina yadda suka faru.

Kafin in taɓa jirgi, gyaran rediyo nake yi a Tudun Wadan Zariya, kuma ba yabon kai ba, a layinmu babu wanda ya kai ni iya dalma. Da na shiga aikin jirage sai na shigo da girman kaina. Aka ba ni wayar agogon mai in haɗa, aka ba ni zoben kan waya da filayar matsewa. Na raina su. Na ce wannan ai aikin ragwaye ne, na ɗauko dalmata na narka, haɗin ya fito yana sheƙi. Ban san jirgi ba rediyo ba ne da ke zaune a kan tebur. Jirgi karkarwa yake yi tun daga tashi har sauka, kuma daidai inda dalma ta ƙare nan waya ke ƙagewa ta karye. Ba a daɗe ba agogon ya fara ƙarya, matuƙi ya juyo da jirgi ya sauka yana zage-zage. Tsohon da ke koya mana aiki bai zage ni ba. Tara mutane ya yi, ya sa ni na bi duk wayar da na haɗa a jirgin ina ja da yatsa ɗaya bayan ɗaya, suna kallo. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Amma daga ranar na koyi abin da na ci abinci da shi har tsufana: ido ba ya duba waya, yatsa ke duba ta. Kowace ce, ko wa ya matse ta, ka ja ta.

Ka ga dai da bakina na koya maka wannan. Amma tun kafin nan na riga na koya maka kishiyarsa, kuma wancan darasin ya fi shiga.

Ba na jin ka manta. Ranar wata Sallah ce, kana ɗan firamare, abokaina sun cika zaure, fanka ta tsaya. Na hau kujera ina haɗa ta, ina ta cika baki ana dariya. Kana tsaye riƙe da kujerar, sai ka ce, "Baba, ba nan ba ne, jar wayar can take shiga." Wani ya ƙyalƙyale da dariya ya ce ɗan ya fi uban. Na sauko na kwaɗa maka mari, na ce yaro ba ya gyara wa babba a gaban mutane. Ka fita ba ka yi kuka ba. Da suka watse na koma na duba, ashe kai ke da gaskiya. Na gyara fankata shiru, ban kira ka ba, ban ce maka komai ba. Mahaifiyarka ta yi mini magana, na ce mata ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. To, na tanƙwara ka, ka tanƙwaru. Daga ranar ban ƙara jin ka ce mini "ba haka ba ne" ba, ni kuma ina ta shiga mutane ina alfahari da ladabinka. Idan Allah Ya ba ka ɗa, ya gyara maka a gaban jama'a, ka haɗiye zafin. In kana ganin ya yi rashin iya magana, ka koya masa yadda ake faɗa, amma kada ka koya masa yin shiru.

Sai zuwana Doha. Ka san yadda aikin makarantar koyon tuƙin nan yake. Jiragen ƙanana ne, ɗalibai na hawa suna sauka tun safe, ga zafi, ga danshin teku mai gishiri da ke cin bakin waya har ya yi kore. Wayoyin duk farare ne, lambar da aka buga a jikinsu kaɗai ke raba su. A nan idona ya fara ja da baya. Da fari na ce hasken rumfar gyaran jiragen ne bai isa ba. Daga baya na ce gumi ne ke shiga mini ido. Na koma nisanta waya da fuskata kamar mai karanta takardar wani, in kuma ta ƙi karantuwa sai in ce maka, "Duba mini nan, hannuna da maiko." Sule ya gane tun da wuri. Ka san shi da Hausarsa ta Zangon Kumasi, ba ya ɓoye magana. Wata Juma'a muna shan shayi a unguwar Mansura ya nuna mini shagon masu tabarau, ya ce in shiga ko don albarkacin jiragen mutane. Na ce masa ni da na haɗa waya tun yana tallan biredi, ba shi zai nuna mini hanyar asibiti ba. Gaskiyar magana tsoro nake ji. Ina ganin ranar da mudir, shugaban rumfarmu, ya gan ni da tabarau, zai kai wa kafil, ubangidan da takardar zamana ke hannunsa, labari a ce tsohon nan ya ƙare, a sallame ni, ga ƙannenka suna makaranta. Sai na zaɓi in ɓoye. Magaji, duk ranar da ka ji wani abu ya ragu a jikinka, ido ne ko hannu ko natsuwa, ka faɗa da bakinka tun kafin aikin ya faɗa. Abinci na Allah ne, ba na kafil ba.

Da ka samu hatiminka na duba aiki, mudir ya ce zai haɗa mu, ni in yi, kai ka duba. A ganinsa ya yi dabara, uba da ɗa za su fahimci juna ba gardama. Shi ba Bahaushe ba ne, ina zai san abin da ke tsakanin mutum da ɗansa na fari? Ni na sani. Kamata ya yi in ce masa ya haɗa ka da wani, ni ma ya ba ni wanda ba ya jin nauyina. Ban ce ba, don daɗi ya kama ni. Ina so 'yan Najma su ji cewa jirgi ba ya tashi sai da hannuna da hatimin ɗana.

Kuma kada ka zaci ban ga abin da kake yi ba. Kai bahago ne. Zaren kakin da muke ɗaure damin waya da shi, ƙullina dama yake kwanciya, naka hagu. Sau nawa na ɗaure dami da safe, na dawo da la'asar na tarar ƙullin ya koma hagu? Sau nawa na bar waya tana gogar bakin ƙarfe, na dawo na tarar an sa mata roba an ɗaga ta sama da bututun mai? Kana bin bayana kana gyarawa, ba ka ce uffan ba. Ni kuma ina gani ina yin kamar ban gani ba, har ina cewa a raina Allah Ya yi wa yaron nan albarka, yana rufa wa ubansa asiri. Mu biyu muka haɗu muka mai da mutum biyu mutum ɗaya. An ce ɗaya ya yi, ɗaya ya duba, don in na farko ya kuskure na biyu ya kama. Mu kuwa kai ke yi, kai ke dubawa, ni ina tsakiya ina karɓar gaisuwa. Wannan shi ne mafi girman kurakuraina, don da idona a buɗe na yi shi.

Yanzu bari in zo ga ranar, tun da mun kasa zancenta.

Ka fi ni sanin wayar maganeto, amma zan faɗa don kada ka taɓa mantawa. Duk wata waya a jirgi in ta saki, wani abu ke mutuwa, fitila ko rediyo ko agogo, sai a gani a gyara. Ita wannan in ta saki ba abin da ke mutuwa. Aikinta shi ne ta kashe wutar fulogi idan an murɗa makulli. In ta saki, makulli na aljihunka amma injin na nan a raye, jira kawai yake a taɓa farfela. Da hantsi aka sauko da jirgin, injin da sauran ɗuminsa, aka ce in sake zoben wayar. Na fere ta, na zura, na matse. Ashe tagullar ba ta shiga ba, rigar wayar kaɗai filaya ta ciza. Ni ban gani ba. Na kuma yi abin da ban taɓa yi ba a ƙuruciyata, na wuce ban ja ta ba, don mudir na tsaye da ɗalibai yana ta yalla yalla, wai a yi sauri.

Ka zo dubawa. Ina goge hannu ina kallon ka ta gefen ido. Na ga ka sunkuya, na ga ka ɗora yatsa a kan wayar, na ga ka ɗauke shi ba ka ja ba. Ka ɗago ka dubi mudir, ka dubi ɗaliban, ka dube ni, ka sunkuyar da kai. Ba ka buga hatimi ba, wannan na shaide ka. Amma jan ƙyallen da ake rataya wa farfela don a san kada a taɓa, shi ma ba ka rataya ba, domin rataya shi daidai yake da ka ce aikin Baba bai yi ba a gaban mutane. Aka kira azahar. Niyyarka ka riga kowa dawowa daga masallaci ka gyara a ɓoye kamar kullum.

Muna alwala aka ce wa Sule ya janye jirgin daga bakin ƙofa, wani zai fita. Ya ga makulli a rataye, bai ga jan ƙyalle ba. Ya kama farfela zai juya ta don ya sa sandar jan jirgi. Injin ya yi tari sau ɗaya tak. Ƙarar da na ji daga wurin alwala, har yau in na rufe ido ina jin ta. Da muka iso yana zaune a ƙasa, ya rungume hannun dama, yana ta salati, bai ko yi ihu ba.

A ofishin mudir ka riga ni magana, ka ce kai ka matse wayar. Nan ne kawai na ɗaga maka murya a garin nan. Na ce ƙarya kake yi, ni na matse, kai ka gani ka yi shiru, ni kuma na ga ka gani na yi shiru. Na san maganar ta yi maka ciwo, kana ganin ka miƙo mini mayafi na yar. Ka yi haƙuri. Da na karɓa, da ka tafi Kaduna da yaƙinin cewa abin da ka yi daidai ne, sa'a ce kawai ba ka yi ba.

'Yan uwanmu na Najma sun yi ta zuwa jaje, kowa na cewa tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Haka ne, na yi imani da ƙaddara. Amma raina yana ɓaci in na ji ana shafa ta a kan sakaci kamar man zafi. Sule da kansa ya fi su gaskiya. Ya ce shi ma da laifinsa, an sha gaya masa kowace farfela a ɗauke ta rayayya. Ranar da na kai masa abinci asibiti, ya dube ni yana murmushi ya ce, "Malam, yaronka yana da ladabi. Ladabin nan ne ya karya ni." Ya yi dariya, ni na kasa. Ƙashin ya haɗu, alhamdu lillahi, amma yatsun har yanzu ba sa rufuwa. Mutumin da ke murza tuwo yana yi mana ba'a wai 'yan Nijeriya ba mu iya miya ba, yau da cokali yake ci. Kullum muka zauna cin abinci sai na ga ka tsame hannu da wuri, na kuwa san dalili. Ya yafe maka, ya yafe mini. Ka karɓi yafiyar, ka daina azabtar da kanka, amma kada ka yar da darasin.

To ga abin da nake so da kai a Kaduna. Ka gai da manya, ka durƙusa musu a ƙofar rumfa, ka ɗaukar musu jaka, ka ba su wuri a sahu. Wannan haƙƙinsu ne, kuma ba na so in ji an ce ɗana ya je Larabawa ya dawo da raini. Amma da zarar kun tsaya a gaban jirgi, waya ba ta san furfura ba. Ka ja ta. In ta zare, ka rataya jan ƙyalle nan take, kafin ka yi tunanin fuskar kowa. Sannan ka ja dattijon gefe, ka sassauta murya, ka ce, "Baba, a ƙara duba nan." Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Wani zai yi fushi, wani zai ce shi ya yi maka wankan jarirai, wani ma zai bugo mini waya ya kawo ƙararka. Bar su da ni, ina da amsarsu. Abu ɗaya na haramta maka: kada ka ƙara gyara aikin wani a ɓoye. Wanda ka gyara wa a ɓoye gobe ma zai sake, kuma goben ba lallai kana nan ba.

Sauran ka san su, amma uba ba ya gajiya da maimaici. Cire zobe da agogo kafin ka kusanci batir, tabon da ke yatsana ya ishe ka wa'azi. Kada ka ja waya ta yi tsam, bar mata ɗan sarari ta numfasa. In fis ya faɗi, nemi abin da ya kayar da shi kafin ka mayar. Wayar ƙasa da kowa ke rainawa, kwance ta ka goge bakinta, rabin aljanun da ake cewa sun shiga rediyon jirgi a nan suke zaune. In matuƙi yana tsaye a kanka yana duba agogo, bar shi ya duba. Gara ya zage ka a ƙasa.

Saura magana ɗaya, ita ce ta sa na ɗauki alƙalami. Na je shagon nan na Mansura, Sule ya raka ni yana ta tsiya a hanya. Yanzu ina da tabarau, da su nake rubutun nan. Mudir bai sallame ni ba, ya ce khalas, abin da ya wuce ya wuce, in koma bakin aiki. Na ce masa ya ba ni lokaci, ya bar ni a ɗakin kayan aiki ina miƙa filaya. Ban san ko ido kaɗai ne ya tafi ba, ko hannun ma ya bi shi. Duk wanda na tambaya a nan zai ce mini garau nake, don suna jin nauyina.

A aljihun gefen jakarka akwai gwangwanin shayi. A ciki akwai guntun waya fara, na matse mata zobe a kowane kai, da sabon tabarau da tsohon hannuna. Ban ja ta ba, kuma ban ba kowa ya ja ba. Na gaya wa mudir ba zan ƙara taɓa jirgi ba sai na ji hukuncin mai dubawa. In ta kamu, zan koma rumfa. In ta zare, zan tattara in dawo gida, ba tare da ɓacin rai ba. Kada ka aiko da amsar ta bakin mahaifiyarka, kada ka rubuto a takarda. Sayi katin waya ka kira ni, in ji da muryarka. Kuma ka sani zan gane in ka yi mini kara, ni na haife ka.

Ka gai da mahaifiyarka da ƙannenka, ka ce mata maganar da ta yi mini ranar Sallar nan ita ce gaskiya. Ka riƙe sallah a kan lokaci. Allah Ya yi maka albarka, Ya sa ka gama da duniya lafiya, Ya sa duk jirgin da hannunka ya taɓa ya sauka da mutanensa. Allah Ya tsare gabanka da bayanka, Ya haɗa fuskokinmu da alheri. Na yafe maka duniya da lahira, kai ma ka yafe mini marin nan.

Ka ja ta da ƙarfi, Nasiru. Ina jiran kiranka.

Wassalam,
Mahaifinka.